Nawa za a samu a kansa? Tambayoyi da amsoshi kan musayar gogaggun 'yan wasa a gasar NBA

Duk shekara idan watan Fabrairu ya gabato, magoya bayan ƙungiyoyin da kakar ba ta yi wa kyau ba a gasar ƙwallon kwando ta Amurka sukan koma lissafin abin da za a samu idan aka saki manyan 'yan wasansu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a irin wannan lokaci.

1. Me ake nufi da musaya a NBA, kuma ta yaya ta bambanta da sayen ɗan wasa a ƙwallon ƙafa?

A ƙwallon ƙafa ƙungiya takan biya wata ƙungiya kuɗi, sannan ta zauna da ɗan wasan su ƙulla sabon kwantiragi. A NBA ba haka tsarin yake ba, domin kuɗin hannu da aka yarda ƙungiya ta saka a ciniki bai wuce 'yan miliyoyin dala a shekara ba, abin da ba zai sayi ko ɗan wasan benci mai kyau ba. Abin da ake yi shi ne ba ni gishiri in ba ka manda: ɗan wasa a madadin ɗan wasa, ko a madadin damar zaɓen matasa masu shigowa gasar, ko duka biyun a haɗe. Kwantiragin ɗan wasan yana bin sa zuwa sabuwar ƙungiya yadda yake, da albashinsa da shekarun da suka rage, kuma galibi ba a neman yardarsa (duba tambaya ta 10). Saboda haka wanda zai karɓe shi ba gwaninta kaɗai yake karɓa ba, har da nauyin da ke rubuce a takarda.

2. Me ya sa ƙungiya za ta so rabuwa da gogaggen ɗan wasa alhali yana taka rawa?

Dalili na farko shi ne lokaci. Idan ƙungiya ta auna ta ga sai nan da shekara uku ko huɗu matasanta za su nuna, ɗan shekara 31 da take da shi yau zai kai 35 kafin a zo wurin, kuma wasannin da yake ci mata yanzu suna rage mata matsayi ne a zaɓen matasa, inda waɗanda suka fi shan kaye suke samun guraben gaba. Dalili na biyu kuɗi ne: dokar gasar ta ba wanda ya yi shekara goma damar karɓar har kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashin ƙungiya (adadin da gasar ta ƙayyade wa kowace ƙungiya na albashin 'yan wasanta a kaka), wanda ya yi bakwai zuwa tara kashi 30, na ƙasa da haka kashi 25. Wato albashi yana hawa ne daidai lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Na uku kuwa tsoron kada kwantiragi ya ƙare ya tafi a banza, wanda aka yi bayaninsa a tambaya ta 7 da ta 11.

3. Mene ne gurbin zaɓe, kuma me ya sa ya zama kamar kuɗin wannan kasuwa?

Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyi 30 suna zaɓen matasa a zagaye biyu, kowace da gurbi ɗaya a kowane zagaye. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi 14 da ba su shiga wasannin neman kofi ba suna shiga ƙuri'a domin gurabe huɗu na sama, kuma ukun da suka fi shan kaye suna da damar kashi 14 cikin ɗari kowace ta samun lamba ɗaya. Darajar gurbin zagayen farko ba ta tsaya ga fatan samun tauraro ba, domin matashin da aka ɗauka a nan yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadajjen albashi, wanda ƙungiya ke da ikon yanke shekaru biyun ƙarshe idan bai yi mata ba.

Ana iya sayar da gurabe har na shekara bakwai masu zuwa, sai dai akwai ƙa'idar da ta hana ƙungiya zama babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere a gaba. Ana kiran ta da sunan Ted Stepien, mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabar da gurabensa har hukumar gasar ta taka masa birki. Shi ya sa za ka ga manyan cinikayya suna tsallake shekara, kamar 2023, 2025, 2027, 2029, a cike tsakaninsu da ikon musanya matsayi, wato ƙungiyar da ke da ikon ta ɗauki wanda ya fi kyau a cikin guraben ƙungiyoyin biyu.

4. Idan aka ce an samu gurabe uku na zagayen farko, ai an ci riba ke nan?

Ba lallai ba, domin gurbi suna ya tara. Gurbin ƙungiyar da ke kan gaba a gasa yakan faɗo tsakanin lamba 25 da 30, inda bambancinsa da farkon zagaye na biyu kaɗan ne. Sannan akwai gurbi mai kariya, wanda aka gindaya masa sharaɗin cewa idan ya faɗo a cikin huɗu ko goma ko goma sha huɗu na sama, mai shi zai riƙe abinsa, a ɗage biya zuwa wata shekara, wani lokaci ma ya rikiɗe ya koma guraben zagaye na biyu. Wanda ya fi kowane tsada shi ne gurbi marar kariya na shekaru masu nisa daga ƙungiyar da taurarinta suka manyanta.

Misalin da har yau shugabannin ƙungiyoyi ke jin tsoron maimaitawa shi ne na 2013, lokacin da Boston ta aika Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 da Jason Terry zuwa Brooklyn, ta karɓi guraben 2014, 2016 da 2018 da ikon musanya na 2017. Brooklyn ta durƙushe cikin 'yan shekaru, gurbin 2016 ya zama lamba uku, Boston ta ɗauki Jaylen Brown da shi, na 2017 kuma ya zama lamba ɗaya, ta ba Philadelphia ta sauko lamba uku ta ɗauki Jayson Tatum. Waɗannan biyun ne suka kai ta ga kofin 2024. Abin lura ga mai lissafi shi ne, irin wannan garaɓasa ita ta koya wa masu saye gindaya kariya, don haka ba ma'auni ba ce ga cinikin yau.

5. To mene ne ainihin abin da ke yanke farashin ɗan wasa?

Abu huɗu ne: shekarunsa, abin da ya rage a kwantiraginsa idan aka kwatanta da aikin da yake yi, lafiyar jikinsa, da yawan ƙungiyoyin da ke nemansa a lokaci guda. Suna da tarihi suna zuwa ne a bayan waɗannan. Kevin Durant ya isa misali, tun da an yi cinikinsa sau biyu cikin ƙasa da shekara uku. A Fabrairun 2023, yana da shekara 34 da sauran shekaru uku a kwantiragi bayan waccan kakar, Phoenix ta ba Brooklyn Mikal Bridges, Cam Johnson, Jae Crowder, gurabe huɗu marasa kariya da ikon musanya ɗaya. A bazarar 2025, yana da shekara 36 da sauran shekara ɗaya, Houston ta same shi da Jalen Green, Dillon Brooks, gurbi na goma na wannan shekarar da guraben zagaye na biyu guda biyar. Har lokacin yana zuba maki sama da 25 a kowane wasa, amma kasuwa ba abin da ya yi jiya take taya ba.

A ɗaya gefen kuma ga Mikal Bridges ɗin nan da aka bayar a cinikin Durant na farko. A 2024 New York ta ba da gurabe biyar na zagayen farko a kansa, alhali ba a taɓa zaɓensa cikin taurarin gasa da ke buga wasan All-Star na shekara-shekara ba. Abin da ta saya shi ne ɗan shekara 27 mai tsaron baya da harbi daga nesa, wanda ba ya fashin wasa, mai albashin da bai kai rabin na Durant ba. Irin wannan ɗan wasa yana shiga kowane tsari ba tare da an sauya komai ba, don haka masu nemansa suke da yawa, shi kuwa mai buƙatar ƙwallo a hannunsa koyaushe sai ƙungiyar da ba ta da irinsa.

Lafiya kuma tana iya rushe ciniki bayan an gama shi, domin sai ɗan wasa ya wuce gwajin likitocin sabuwar ƙungiya. A Fabrairun 2025 Lakers ta fasa karɓar Mark Williams daga Charlotte a kan wannan dalili, kowa ya koma inda ya fito.

6. Me ya sa ake cewa sai albashi ya daidaita, kuma mene ne shingayen da ake yawan ambata?

Yawancin ƙungiyoyi sun riga sun wuce iyakar albashi, wadda a kakar 2024-25 ta kasance kusan dala miliyan 140.6, kuma duk wadda ta wuce ba za ta karɓi albashi ba sai ta fitar da makamancinsa. Ga manyan kwantiragi, abin da za ta karɓa ba zai wuce kashi 125 cikin ɗari na abin da ta fitar ba, da ɗan ƙari kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, mai sayar da ɗan wasan dala miliyan 40 dole ya karɓi 'yan wasan da albashinsu ya haura miliyan 30, ko yana son su ko ba ya so, kuma sau da yawa ingancin ciniki yana rataye ne a kan ko waɗannan kwantiragin za su ƙare da wuri.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta tsananta lamarin da shingaye biyu a saman layin haraji, wato adadin albashin da idan ƙungiya ta haye shi sai ta biya gasar haraji. A 2024-25 na farko yana kusan dala miliyan 178, na biyu kusan miliyan 189. Wadda ta haye na farko ba za ta karɓi fiye da abin da ta fitar ba. Wadda ta haye na biyu ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ko uku don ta karɓi babba ɗaya ba, ba za ta saka kuɗin hannu ba, kuma ana kulle gurbinta na shekara bakwai gaba. Ƙungiyoyin da ke neman kofi, waɗanda su ne masu sayen gogaggu tun asali, su ne dokar ta fi ɗaure wa hannu. Jrue Holiday ya kawo wa New Orleans gurabe uku da ikon musanya biyu a 2020, ya kawo wa Portland 'yan wasa biyu da gurabe biyu a 2023, amma a 2025 Boston ta mayar da shi Portland ne a kan Anfernee Simons, babban burinta ta sauke nauyin albashi.

7. Nawa ake samu a kan wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka?

Ƙasa da darajarsa a fili, domin mai saye yana iya zama ɗan haya na wata huɗu. Abin da ke rage asarar shi ne haƙƙin da ake kira da sunan tsohon tauraron Boston Larry Bird, wanda ke bin ɗan wasa idan aka yi musayarsa, ya ba sabuwar ƙungiya damar sabunta masa kwantiragi ko da ta wuce iyakar albashi. Idan mai saye ya samu alamar cewa ɗan wasan zai zauna, farashi ya tashi, idan kuwa wakilinsa ya bari aka ji cewa ba zai sa hannu ba, masu taya sai su watse.

Toronto ta ga fuska biyu na wannan a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. A 2018 ta saya: ta ba San Antonio DeMar DeRozan, Jakob Poeltl da gurbi ɗaya mai kariya, ta karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Leonard ya yi araha ne saboda ciwon da ya hana shi yawancin kakar da ta gabata da kuma shekara ɗaya da ta rage masa. Ya ci musu kofin 2019, ya tafi Clippers. A Janairun 2024 kuma ta sayar: Pascal Siakam ɗan Kamaru, mai shekara 29, wanda aka zaɓa sau biyu cikin taurarin gasa, ya tafi Indiana a kan Bruce Brown, Jordan Nwora da ya buga wa Najeriya, Kira Lewis da gurabe uku. A baki adadin yana da daɗin ji, amma biyu daga ciki na 2024 ne, suka faɗo lamba 19 da 29, kamar yadda aka yi gargaɗi a tambaya ta 4. Siakam ya sabunta da Indiana, ya kuma kai ta wasan ƙarshe na 2025.

8. Idan ɗan wasan ba tauraro ba ne, mai taimakawa ne kawai fa?

A nan ne magoya baya suka fi yaudarar kansu. Farashin da aka saba gani a kan ɗan shekara 30 zuwa sama mai tsaron baya ko harbin nesa shi ne guraben zagaye na biyu, biyu zuwa uku, da wani kwantiragi na cike lissafi. Haka Brooklyn ta samu uku a kan Dorian Finney-Smith daga Lakers a Disambar 2024, tare da D'Angelo Russell. Alex Caruso, wanda ake lissafa shi cikin gwanayen tsaron baya, ya bar Chicago zuwa Oklahoma City a 2024 a kan Josh Giddey kaɗai, babu gurbi ko ɗaya.

Bai kamata a raina zagaye na biyu gaba ɗaya ba, tun da Nikola Jokic lamba 41 aka ɗauke shi a 2014, Draymond Green lamba 35 a 2012, Jalen Brunson lamba 33 a 2018. Sai dai ana tuna waɗannan sunaye ne saboda ƙarancinsu. Amfanin irin waɗannan gurabe da ya fi tabbata shi ne a tara su a yi gyara da su a wani ciniki na gaba.

9. Da gaske ne akan biya wata ƙungiya don ta karɓi ɗan wasa?

Gaskiya ne, kuma yana faruwa duk lokacin da albashi ya zarce aiki. A ƙarshen 2020 Philadelphia ta haɗa da gurbin zagayen farko kafin Oklahoma City ta karɓi Al Horford. Bayan wata shida Oklahoma City ta aika shi Boston, ta karɓi Kemba Walker wanda gwiwarsa ta gaji, aka sake ba ta gurbi na 16 na 2021 a matsayin ladan ɗaukar kaya. Ta ci a shiga, ta ci a fita. Kusan haka ta yi da Chris Paul, wanda Houston ta haɗo mata shi da gurabe biyu a 2019 a cinikin Russell Westbrook, ya farfaɗo a hannunta, ta sayar wa Phoenix a 2020 ta sake samun gurbi. Kafin mai goyon baya ya tambayi nawa za a samu, ya dace ya fara tambayar kansa ko wata ƙungiya za ta ba ɗan wasan wannan albashi yau da a ce ba shi da kwantiragi. Idan amsar a'a ce, to ciko daga wajen mai sayarwa zai fito.

10. Ɗan wasa yana da ta cewa a kan inda za a kai shi?

A doka, 'yan kaɗan ne ke da ita. Sharaɗin hana musaya sai wanda ya yi shekara takwas a gasar, huɗu daga ciki a ƙungiyar, yake iya nemansa, kuma ba kasafai ake bayarwa ba. Bradley Beal yana da shi a kwantiraginsa na dala miliyan 251, shi ya sa da ya zaɓi Phoenix a 2023 Washington ba ta samu gurbin zagayen farko kai tsaye ko ɗaya ba, sai Chris Paul, Landry Shamet, guraben zagaye na biyu da ikon musanya. Wasu kuma suna da sharaɗin ƙarin albashi har kashi 15 cikin ɗari idan aka yi musayarsu, wanda ke rikita lissafin tambaya ta 6.

A aikace kuwa tauraro yana da hanyar matsin lamba ko ba sharaɗi. Jimmy Butler ya yi ta takun-saƙa da Miami har aka dakatar da shi sau da dama, a ƙarshe ya tafi Golden State a Fabrairun 2025 a kan Andrew Wiggins, wasu 'yan wasa biyu da gurbi ɗaya mai kariya. Amma matsin ba ya cin nasara kullum: Damian Lillard Miami ya nema a 2023, Portland ta yi haƙuri wata uku, ta kai shi Milwaukee.

11. Yaushe ya fi dacewa a sayar, bazara ko Fabrairu?

Kowane yana da nasa. A bazara ƙungiyoyi suna da sarari a jerin 'yan wasa da albashi, an kuma san matsayin guraben shekarar, don haka manyan cinikayya suka fi yawa a nan. A tsakiyar kaka kasuwa takan buɗe sosai daga 15 ga Disamba, ranar da ake samun damar musayar yawancin waɗanda suka sa hannu a bazara, ta rufe a farkon Fabrairu, kuma a nan ne ƙungiyar da babban ɗan wasanta ya ji ciwo take biyan abin da ba za ta biya a watan Yuli ba. Tsarin da ya ba ƙungiyoyi na bakwai zuwa na goma a kowane yanki damar fafatawa don shiga wasannin neman kofi ya rage masu sayarwa, abin da ke amfanar wanda ya yanke shawara da wuri.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, jinkirin shekara ɗaya ne. Toronto ta riƙe Kyle Lowry a Maris ɗin 2021 saboda tayin bai gamsar da ita ba, daga baya ta karɓi Goran Dragic da Precious Achiuwa daga Miami. Ta riƙe Fred VanVleet a 2023, ya tafi Houston ba ta samu komai ba. Akwai hujjar riƙewa, domin matasa suna koyo a wajen manya, kuma ƙungiyar da ta saba watsar da mutanenta takan sha wuyar jawo wasu, amma wannan hujja tana da farashi, kuma ya kamata a san nawa ne.

12. Rudy Gobert ya kawo gurabe huɗu, me zai hana namu ya kawo haka?

Domin cinikin da ake tunawa su ne waɗanda suka fita daga al'ada. Minnesota ta ba Utah gurabe huɗu da ikon musanya da 'yan wasa biyar a 2022 a kan wanda ya riga ya ci kyautar gwarzon tsaron baya sau uku, mai sauran shekaru a kwantiragi, kuma an yi haka kafin dokar shingaye. Clippers ta ba da Shai Gilgeous-Alexander da gurabe biyar a kan Paul George a 2019 ne saboda zuwan Kawhi Leonard ya rataya a kan cinikin, wato mutum biyu ta saya da farashi ɗaya. Kwatancen da zai yi amfani shi ne na ɗan wasa mai kusan shekarun naka, mai irin aikinsa da irin kwantiraginsa, wanda aka yi cinikinsa cikin shekara biyu da suka wuce. Bayan haka sai a ƙirga ƙungiyoyin da suke buƙatarsa, suke da albashin daidaitawa, suke kuma da guraben da ƙa'idar Stepien ta bar musu. Sau da yawa lissafin yakan tsaya a biyu ko uku, wani lokaci ɗaya, kuma mai saye ɗaya ba ya taya kansa.

13. Idan ranar rufe kasuwa ta wuce babu wanda ya taya fa?

Hanya uku ta rage. Ko a riƙe shi zuwa bazara a sake gwadawa, ko a bar kwantiragin ya ƙare a ci moriyar sararin albashi, ko a yi sulhu: ɗan wasa ya yafe wani ɓangare na kuɗinsa, a sallame shi ya nemi inda yake so. Sai an sallame shi zuwa 1 ga Maris kafin ya cancanci buga wasannin neman kofi da sabuwar ƙungiya, kuma ƙungiyoyin da suka haye shingen farko ba su da izinin ɗaukar wanda tsohon albashinsa ya yi yawa. Ƙungiya tana iya shimfiɗa bashin a kan shekaru masu yawa, kamar yadda Milwaukee ta yi da Lillard a 2025 bayan tsinkewar jijiyar dunduniyarsa, inda za ta ci gaba da ɗaukar sama da dala miliyan 22 a lissafin albashinta kowace kaka har shekara biyar, shi kuwa ya koma Portland.